Yadda Mai Karɓar Kiran Gaggawa Ke Gane Tsayawar Zuciya ta Waya

Idan zuciyar mutum ta daina harba jini, nan take yake faɗuwa ya fita hayyacinsa, kuma cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwarsa za ta fara lalacewa saboda rashin iskar da jini ke kai mata. Masana sun ƙiyasta cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna masa ƙirji ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Da wuya motar asibiti ta iso cikin wannan ɗan lokaci ko a biranen da suka fi kowa shiri, don haka ran majinyacin yana hannun mutane biyu ne, wato wanda ke tsaye a kansa da kuma ma'aikacin da ya ɗaga wayar a cibiyar kiran gaggawa, wanda ba ya ganin komai sai abin da kunnensa ya jiye masa.

Wannan ya sa horon da ake ba waɗannan ma'aikata ya ginu a kan tambayoyi biyu kacal, bayan an tabbatar da inda za a tura mota. Ta farko ita ce, "Yana cikin hayyacinsa, yana amsawa idan an kira shi ko an girgiza shi?" Ta biyu kuma, "Yana numfashi irin yadda aka saba?" Idan amsoshin biyu sun zama a'a, ma'aikacin ba ya ƙara neman tarihin ciwo ko sunan maganin da mutumin ke sha, sai ya ɗauka zuciya ce ta tsaya, ya shiga ba da umarni.

A tambaya ta biyu ne akasarin kuskure ke faruwa. A mintocin farko bayan zuciya ta tsaya, mutane da dama, har kusan rabi a wasu binciken, suna ci gaba da wani irin kakari: su ja iska da ƙarfi jefi-jefi, baki a buɗe, da sauti mai kama da minshari ko gurnani. Wannan motsi daga tushen ƙwaƙwalwa yake fitowa yayin da iska ke ƙare mata, kuma ba ya wadatar da jiki da komai. Amma ɗan'uwan da ya ruɗe, idan aka tambaye shi ko majinyacin yana numfashi, da gaskiyarsa zai ce e, domin ya ga ƙirji ya motsa. Ma'aikacin da bai samu horo ba sai ya karɓi wannan amsa, ya ce a kwantar da shi a jira mota, alhali kuwa masu wannan kakari su ne suka fi samun damar farfaɗowa, tunda alama ce ta cewa ba a daɗe da faɗuwa ba. Saboda haka ake koya wa ma'aikata su tsargu da zarar sun ji an ce "yana numfashi da ƙyar", ko "yana minshari", ko "yana ja yana tsayawa", su kuma nemi a kara wayar kusa da bakin majinyacin domin su ji da kansu. Haka nan jijjigar da wasu ke yi na 'yan daƙiƙu bayan faɗuwa kan sa a zaci farfaɗiya ce, shi ya sa ake sake tambayar numfashi da zarar jijjigar ta lafa.

Abin da ke hana ma'aikata da yawa yanke hukunci da wuri shi ne tsoron kada a danna ƙirjin wanda suma kawai ya yi. A ganina wannan tsoro ne ya fi cancanta a yaƙa a ɗakin horo. Gundumar King da ke jihar Washington a Amurka, wadda ta fara koyar da danna ƙirji ta waya tun farkon shekarun 1980, ta bi diddigin irin waɗannan mutane a wani bincike da aka wallafa a 2010. Cikin waɗanda aka danna wa ƙirji alhali zuciyarsu ba ta tsaya ba, kashi 12 cikin ɗari ne suka koka da ciwo, kashi 2 suka samu karaya, kuma babu ko ɗaya da kayan cikinsa suka ji rauni. Karayar haƙarƙari tana warkewa.

Umarnin da ke biyo baya gajere ne, kuma da murya mai ƙarfi ake ba da shi, ba da sigar neman shawara ba. A saka wayar a lasifika, a kwantar da majinyacin rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ma'aikacin yana ƙirgawa tare da mai dannawa don kada ya sassauta. Ga babba ba a buƙatar hura iska ta baki, sai dai ga yara da wanda ya nutse a ruwa, waɗanda rashin iska ne yakan tsayar da zuciyarsu. Idan akwai na'urar girgiza zuciya da lantarki a kusa, wani dabam za a aika ya ɗauko, mai dannawa kuma kada ya ɗaga hannu.

Ba a ƙwarewa a wannan aiki da lacca ta rana ɗaya. Cibiyoyin da suka yi nisa suna sake sauraron kiran da aka naɗa tare da ma'aikacin da ya amsa shi, suna auna daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya gane da kuma kafin a yi dannawar farko. An ma gwada manhajar kwamfuta mai sauraron kira a birnin Kofenhegen na ƙasar Denmak, ta kuma nuna tana iya gano tsayawar zuciya, amma gwajin da aka wallafa a 2021 bai nuna cewa faɗakarwar da take yi ta ƙara wa ma'aikatan ganewa sosai ba.

Shi kuma mai kira, abin da ake roƙonsa shi ne ya faɗi inda yake tun farko, ya kwatanta numfashin yadda yake ganinsa ba tare da gyara ba, ya bi umarni ko da bai taɓa koyon aikin ba, kuma kada ya kashe wayar har sai ma'aikatan lafiya sun karɓi majinyacin daga hannunsa.