Land Rover

Land Rover, ko Landirofa kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, kamfanin motoci ne na ƙasar Ingila da ya shahara wajen ƙera motocin da tayoyinsu huɗu ke ja, irin masu shiga daji da yashi da taɓo. Tsohuwar masana'antarsa tana garin Solihull kusa da Birmingham, amma tun 2008 kamfanin Tata Motors na Indiya ne ke da shi.

Asalin motar dai tsuntsu ne daga sama gasasshe, don babu wanda ya zauna da niyyar kafa sabon kamfani. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin Rover, wanda ke yin motocin alfarma, ya shiga tsaka mai wuya saboda ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila, gwamnati kuma ba ta ba ka ƙarfe sai in kana fitar da kaya waje kana kawo kuɗin shiga. Babban mai zanen motocin kamfanin, Maurice Wilks, yana da wata tsohuwar Jeep ta sojojin Amurka da yake aiki da ita a gonarsa a tsibirin Anglesey na yankin Wales, sai ya ga ai manoma za su so irinta. Shi da yayansa Spencer Wilks, wanda shi ne shugaban kamfanin, suka yanke shawarar yin tasu a 1947, da nufin ta ɗan riƙe kamfanin na 'yan shekaru kafin abubuwa su daidaita. Tunda babu ƙarfe sai aka yi bodin da alminiyom, fentin ma koren nan ragowar na jiragen yaƙi ne. Wannan rashi kuwa shi ya zama alheri, domin bodin ba ya tsatsa, shi ya sa har yau ake ganin masu shekara hamsin suna tafiya.

An fara nuna ta a bajekolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu 1948, kuɗinta fam 450. Injin lita 1.6 ne na fetur, kuma har da wani sanda da ke juyawa wanda manomi zai jona injin gona a jiki ya yi aiki, wato rabi mota rabi tarakta. Kafin a ankara ta fi motocin alfarmar kamfanin kasuwa. Ƙira ta biyu, Series II, ta fito a 1958, ta uku, Series III, a 1971, duk kusan kamanni ɗaya, ba wani ado sai ƙarfi. Sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati a ƙasashen da Ingila ta mulka suka rungume ta, a Arewacin Najeriya ma da ita Di'o da malaman dabbobi da masu allurar rigakafi ke kutsawa ƙauyukan da babu kwalta, musamman da damina. Bakanike da sifana biyu-uku zai kwance ta ya ɗaura a gindin bishiya, abin da ya ƙara mata farin jini kenan.

A 1970 aka fito da Range Rover, mai injin V8 lita 3.5 wanda asalinsa na kamfanin Buick na Amurka ne. Abin dariya, ta farkon ba motar gayu ba ce sam, ƙofa biyu gare ta, kujerun roba, ƙasan ma an yi shi ne yadda za ka sa tiyo ka wanke. Sai 1981 mai ƙofa huɗu ta zo, daga nan aka yi ta ƙara mata fata da katako da na'urori har ta zama motar attajirai da sarakuna da 'yan siyasa.

Sauran sun biyo baya. Tsohuwar ƙirar an sabunta ta a 1983 da 1984 da sunan One Ten da Ninety, aka raɗa mata Defender a 1990, bayan Discovery ta fito a 1989 don masu iyali da kuma gogayya da motocin Japan. Freelander ƙarama ta zo a 1997, Range Rover Sport a 2005, Evoque a 2011, Discovery Sport ta gaji Freelander, Velar kuma a 2017.

Hannun iyayen gida kam ya sha sauyawa. Rover ya shiga kamfanin motoci na Leyland a 1967, shekara guda bayan nan ya zama cikin British Leyland, wanda gwamnati ta karɓe a 1975 bayan ya durƙushe. Wannan zamanin na yajin aiki da ƙarancin jari shi ya yi wa Land Rover illa, don a lokacin ne Toyota Land Cruiser ta ƙwace kasuwar Afirka da Ostareliya, ga rashin yawan lalacewa ga safaya ko'ina, kuma gaskiya har yau kasuwar ba ta dawo ba. British Aerospace ya saya a 1988, BMW na Jamus a 1994, Ford a 2000, sannan Tata ya haɗa shi da Jaguar ya saye su kan dala biliyan 2.3. A 2013 aka haɗe su kamfani ɗaya, Jaguar Land Rover.

Tsohuwar Defender an daina ƙera ta a Solihull ranar 29 ga Janairu 2016, bayan an yi sama da miliyan biyu tun daga 1948, saboda ta kasa cika sabbin dokokin hayaƙi da na kariyar haɗari. Sabuwa ta fito a 2019, amma a garin Nitra na Slovakia ake haɗa ta, cike da kwamfuta, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin manomin da aka yi ta farkon dominsa. Lokacin jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, a 2021, wata Defender da shi da kansa ya sa hannu wajen tsara ta ce ta ɗauki gawarsa, koriya irin ta soja.