Kar ki ajiye ƙwayar ƙarin jini saboda jiƙo

Abu ɗaya ke ta maimaituwa a ɗakin awo: mai ciki ta dawo da jiri da haki, tafin hannu fari fat. A tambaye ta ina ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta, ta ce ta ajiye, wai an yi bincike an gano wani ganye yana ƙara jini. Haba baiwar Allah! A jikin wa aka yi binciken?

Yawanci a jikin ɓeraye ne. Ana yi musu allurar wani sinadari mai fasa jajayen ƙwayoyin jini har jininsu ya yi ƙasa, sai a kasa su kashi-kashi. Wasu a ba su abin da aka tace daga ganyen daidai nauyin jikinsu, miligiram kaza a kowane kilo, wasu a ba su maganin asibiti, wasu kuma a bar su haka nan. Bayan mako biyu ko uku a sake auna jinin. Waɗanda aka bari ɗin nan su ne ma'auni, domin ɓera kan farfaɗo da kansa da zarar an daina allurar. In ba a kwatanta ba, sai ganye ya sha yabon da ba nasa ba. Ko an ga alamar nasara, da sauran rina a kaba: sai an duba hanta da ƙoda, sannan a gwada a jikin mutane mataki-mataki. Jiƙon gida kuwa, wa ya auna shi? Yau ya yi kauri, gobe tsululu.

Jan launin jiƙo ba jini ba ne. Ganye da sassaƙe masu bauri ma sukan hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda ke cikin ƙwayar ƙarin jini. Kuma in zazzaɓin cizon sauro ne ke cin jinin, ko tsutsar ciki, ko zubar jini, ko sikila, kowanne da maganinsa.

Mun san ƙwayar tana sa tashin zuciya, tana taurara bayan gida, tana baƙanta shi. Baƙin ba illa ba ne. Ki zo ki faɗa mana, akwai dabara. Amma ajiyewa a ɓoye, a'a!

Ga abin yi:
- A auna jini tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a awon sinadarin da ke sa jini ja (haemoglobin), ƙasa da giram 11 ga mai ciki (10.5 a wata na huɗu zuwa na shida), 12 ga sauran mata, 13 ga maza, ƙarancin jini ne.
- Ƙwaya kullum, ba da shayi ko madara ba. A ba da tazarar awa biyu.
- A dawo gwaji bayan mako huɗu.
- Ko jini ya dawo daidai, a ci gaba har wata uku.
- In kina shan wani jiƙo, zo da shi mu gani, ba faɗa za mu yi ba.

Maigida, wannan naka ne: in ka ga tana haki a zaune, zuciya na bugu, ƙafa ta kumbura ko ta suma, kar a jira gari ya waye. Ƙasa da giram 7 ga mai ciki haɗari ne babba, wani lokaci sai an ƙara mata jini a asibiti.