Waiwaye: Daga 'yan doka zuwa 'yan sintiri a Zariya

Tun kafin zuwan Turawa, da wuya baƙo ya kwana cikin ganuwar Zazzau mai unguwa bai ji ba. Mai masauki ke kai labari, mai unguwa ya miƙa sama, har ya isa fada. In abin na kamu ne, dogarai ke zuwa. Da Turawa suka ci Zariya a 1902 ba su rushe wannan tsari ba, sai suka ɗora nasu a kai, daga baya aka kafa 'yan doka, wato 'yan sandan En'e (hukumar gargajiya): 'yan gari ne, sun san lungu, sun san ɗan wane da jikan wane.

Masu kewar wancan zamani sukan tsallake ɗaya fuskar. Waɗannan 'yan dokan ne aka riƙa tura wa 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU, tun daga shekarun 1950 har Jamhuriya ta Farko. Wanda ya san ƙofar gidanka ai ba ya wahalar kama ka. Wannan tabon na cikin abin da ya sa gwamnatin Gowon ta narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya daga ƙarshen shekarun 1960, sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage wa sarakuna iko. Tun daga nan aka raba gari: bindiga da ikon kamu suna caji ofis, a hannun jami'in da wataƙila daga wata jiha mai nisa aka turo shi, sanin mutane kuma yana zauren mai unguwa.

Duk abin da ya biyo baya yunƙurin ɗinke wannan ɓaraka ne. An kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, a 1984. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta fara gwajin tsaro tare da al'umma a Inugu. A 2020 Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda mai tanadin kwamitocin al'umma, aka kuma amince da naira biliyan 13.3 don shirin. Jihar Kaduna ta bi tata hanyar da hukumar 'yan sintiri ta KADVS, tunda sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 bai yarda da wata rundunar 'yan sanda ba sai ta tarayya.

Amma ba takardun Abuja ne suka tayar da mutanen Zariya tsaye ba, tsoro ne. Bayan 'yan bindiga sun shiga kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 sun kwashi ɗalibai da malamai, unguwannin bakin gari suka gane ta'asar da ake ji daga Giwa da Birnin Gwari ta iso ƙofa. Karo-karon kuɗin 'yan sintiri ya zama kamar kuɗin wuta, kowane gida da nasa kaso.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana. Mutum ya ga baƙuwar fuska a kangon maƙwabta, amma yana tsoron ya kai rahoto sunansa ya riga shi komawa gida. 'Yan sintiri kuma su kama ɓarawon waya su miƙa shi, bayan kwana biyu su gan shi a majalisa ya samu beli, alhali doka ba ta ba su damar tsare shi ba, balle duka. Shi ya sa har yau mai ƙorafi kan fara zuwa zauren mai unguwa, shi kuma ya ɗaga waya ya kira DPO, shugaban caji ofis.