Me ake nufi da "Maƙabartar Dauloli"?

Tun da sojojin Amurka suka tattara nasu-ya-nasu suka bar Kabul a watan Agustan 2021, kusan duk mai sharhi a rediyo sai ya kira Afganistan "maƙabartar dauloli". Ma'anar a fili take. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rera ta kamar kirari, sai ka ɗauka duk daular da ta taka ƙasar a can aka yi mata sutura.

Labarin da aka fi jingina kalmar da shi na watan Janairun 1842 ne. Turawan Ingila sun shiga ƙasar daga Indiya a 1839 don su ɗora tsohon sarkinta, Shah Shuja, a kan karaga. Da Kabul ta yi musu bore, sai suka fito cikin dusar ƙanƙara suka nufi Jalalabad, sojoji kusan 4,500 da masu hidima da iyalai kusan 12,000. Aka yi ta karkashe su a mashigan duwatsu har Gandamak. Wani likita, William Brydon, shi ne ya isa da ƙyar a kan doki. A nan masu sharhi ke naɗe tabarma. Ba sa faɗin cewa akasarin mamatan Indiyawa ne, har da 'yan dako da mata da yara. Ba sa faɗin cewa kafin shekarar ta ƙare Turawan sun dawo sun rusa babbar kasuwar Kabul, suka sake dawowa a 1878, suka riƙe harkokin wajen ƙasar har 1919. Iyakar Durand da suka shata a 1893, wadda yanzu ke tsakanin Afganistan da Pakistan, har yau ta raba ƙabilar Pashtunawa gida biyu. Daular da aka ce an binne ta ƙara shekara ɗari tana mulkin Indiya.

Babur kuwa, wani basarake da ya zo daga Asiya ta Tsakiya, daga Kabul, wadda ya ci a 1504, ya tashi ya kafa daular Mughal a Indiya.

Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba, don gawar baƙo take ƙirgawa ta tsallake ta mai gida. Tarayyar Sobiyet ta rasa sojoji kusan 15,000 tsakanin 1979 da 1989. Afganawan da suka mutu an ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya, wasu miliyoyi suka yi hijira zuwa Pakistan da Iran, kuma nakiyoyin da aka binne a gonaki da makiyaya har gobe suna tashi da yara masu kiwo.