Gyaran Kundin Tsarin Mulki

Gyaran kundin tsarin mulki shi ne sauya wani sashe na babbar dokar ƙasa, ko ƙara masa, ko soke shi, ta hanyar da kundin da kansa ya shimfiɗa. Akasarin ƙasashe sukan tsaurara wannan hanya fiye da ta dokokin yau da kullum, don kada jam'iyya mai rinjaye ta riƙa juya kundin yadda ta ga dama.

A Amurka, sai kashi biyu cikin uku na majalisar wakilai da na dattawa sun amince, sannan jihohi 38 daga cikin 50 su sa albarka, shi ya sa gyare-gyare 27 kacal aka yi tun 1789. Na ƙarshensu, wanda ya shafi albashin 'yan majalisa, an gabatar da shi tun 1789, amma bai samu cikar jihohi ba sai 1992.

Tsarin Nijeriya ya yi kama da wannan. Sashe na 9 na kundin 1999 ya buƙaci kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36, amma idan gyaran ya taɓa babin 'yancin ɗan Adam, sai an samu kashi huɗu cikin biyar. Ta haka aka rage shekarun ɗan takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 a 2018, yayin da yunƙurin tazarce na 2006 ya sha ƙasa tun a majalisar dattawa.

Tsaurin ƙa'ida kaɗai ba ya nuna yawan gyaran da za a yi. Jamus, duk da sharaɗin kashi biyu cikin uku, ta gyara kundinta na 1949 fiye da sau 60, sai dai ta haramta taɓa mutuncin ɗan Adam da tsarin tarayya har abada. Japan, wadda ta ƙara da ƙuri'ar raba gardama, ba ta taɓa sauya ko kalma ɗaya ba tun 1947. A Indiya kuwa, inda gyare-gyare suka haura 100, Kotun Ƙoli ce ta ja layi a 1973, da hukuncin cewa majalisa ba ta da hurumin rusa ginshiƙan kundin.

Birtaniya ba ta da kundi guda a rubuce, don haka rinjayen majalisa na yau da kullum ya wadatar.