Tsara Abin da Ke Cikin Wasiƙar Labarai ta Imel

Wasiƙar labarai ta imel saƙo ce da kamfani, ƙungiya ko marubuci ke aikawa lokaci-lokaci ga mutanen da suka ba da adireshinsu da yardarsu. Tun 1971 injiniyan kwamfuta Ray Tomlinson ya sanya alamar @ a adireshin imel, kuma dandamali irin su Mailchimp, wanda aka kafa a Atlanta ta Amurka a 2001, da Substack na 2017 sun ɗauke wahalar aikawa. Abin da ya rage a wuyan mai wasiƙa shi ne abin da zai zuba a ciki da ranar da za ta fita.

Ginshiƙin aikin shi ne jadawali, wato takarda ko shafin kwamfuta da ke nuna ranar kowace fitowa, maudu'inta, da wanda zai rubuta. A Kano, jadawalin da ya dogara ga kalandar Bature kaɗai gurgu ne, domin harkar gari tana bin watannin Musulunci, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka azumi da Sallah kan matso kowace shekara. Mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, idan ya bari sai goman ƙarshe ya aika labarin sababbin kaya, ya makara: teloli sun daɗe da rufe karɓar ɗinki. Wasiƙarsa ta Sallah a Sha'aban ake rubuta ta. Dillalin hatsi a Dawanau kuwa kaka ce ma'auninsa, lokacin da sabon gero da riɗi ke shigowa farashi yana motsi. Masu tsari sukan ajiye rubutu biyu ko uku waɗanda ba sa tsufa, saboda makon da wuta ko intanet ta yi gardama.

Kowace fitowa gara ta tsaya a kan batu ɗaya babba, sauran su biyo baya a taƙaice. Kanun saƙo gajere ake so, don allon waya yana datse dogo. Gmail ma yakan gutsure duk saƙon da ya haura kilobayit 102, ya ɓoye ƙarshensa, hotuna masu nauyi kuma suna cinye datar mai karatu.

Hausa tana da nata tarkon. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko ɗan akwati idan ba a tura saƙon da UTF-8 ba, wato tsarin da kwamfuta ke gane haruffan harsuna daban-daban da shi. Wasu kan zubar da ƙugiyar don gudun haka, sai ƙafa ta zama kafa. Shi ya sa ake fara tura gwaji zuwa ƙaramar waya kafin a saki.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin saƙon talla, kuma daga 2024 Gmail da Yahoo sun wajabta wa masu aika saƙo da yawa su sanya hanyar fita daga jerin masu karɓa da dannawa ɗaya. Adadin waɗanda suka buɗe wasiƙa ya daina zama abin dogaro tun 2021, lokacin da Apple ya fara loda saƙonni a madadin masu wayoyinsa, sai saƙo ya nuna an buɗe shi ko da ba a karanta ba, don haka yanzu amsoshi da danna mahaɗi ake ƙirgawa wajen zaɓen maudu'in fitowa ta gaba.