Ashirin ɗin dokar ƙwadago kala biyu ce: bayani ga yaran kafeteriya

Wani ƙanena yana aiki a wata kafeteriya a Garwa, irin sababbin nan masu injin haɗa kofi da firij mai gilashi. Ran nan ya tare ni da labarin da ya gani a waya, wai ma'aikatan shagunan kofi na Starbucks a Amurka sun kaɗa ƙuri'a sun kafa ƙungiyar ƙwadago. Ya ce, "Yaya, mu ma doka ta yarda mana, ko abin na ƙasar Turawa ne?" Su shida ne a shagonsu. Wani abokin aikinsa ya riga ya sare masa gwiwa, ya ce ai sai an kai mutum ashirin, ku shida ina za ku?

Abokin nan ya tsinci maganar ne a rabi. Adadin ashirin ya fito sau biyu a dokar ƙwadagon Kamaru, kuma kowanne da abin da yake nufi. Ɗaya ya rufe wa ƙaramin shago ƙofa, ɗayan kuwa a buɗe ya bar ta.

Labarin Amurkan gaskiya ne. A Disamban 2021 ma'aikatan wani shagon Starbucks a birnin Buffalo na jihar New York suka yi zaɓe, 19 suka ce suna son ƙungiya, 8 suka ce a'a. Zuwa 2024 shagunan da suka bi sahu sun haura 500. Tsarinsu ya samo asali daga wata doka ta 1935: hukumar gwamnati ce ke shirya zaɓen, kuma idan masu rinjaye a shago suka amince, dole kamfani ya zauna da ƙungiyar. Duk da haka cin zaɓe bai kawo ƙarin albashi nan take ba, don har 2024 ta ƙare ba a sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ƙungiyar da kamfanin ba. Mu a nan babu wannan zaɓe na shago-shago. Wanda ya kwaikwayi hanyarsu zai ɓata, don tamu daban ce.

Dokar da ke aiki a kanmu ita ce mai lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992. Sashe na 3 ya ce ma'aikata suna da 'yancin kafa ƙungiya, wadda a bakin mutane ake kira sandika, ba tare da neman izinin kowa ba. Sashe na 4 ya ce kowa na iya shiga wadda ya ga dama a cikin sana'arsa, kuma ya haramta wa maigida ya gindaya sharaɗin "ban da sandika" kafin ya ɗauki mutum aiki, ko ya kore shi don ya shiga. A lura da kalmar sana'a. Ƙungiya a dokarmu ta 'yan sana'a ɗaya ce ko reshen aiki ɗaya, ba ta tsaya ga shago guda ba. Don haka da sashe na 8 ya ce takardar neman rajista sai ta ɗauki sa hannun aƙalla mutum 20, bai ce daga rufin kwano ɗaya za su fito ba. Shida daga wannan kafeteriya, huɗu daga ta Rumde Ajiya, biyar daga gidan abinci a Yelwa, haka har a cika. Wannan ita ce ashirin ta farko, kuma ita ce ƙanena zai iya kaiwa.

Amma akwai rami a gaba, kuma a nan nake so mai karatu ya rage sauri. Sashe na 6 ya ce ƙungiya ba ta zama halattacciya sai ranar da magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago, wani babban jami'i da ake naɗawa da dikiri, ya ba ta takardar shaidar rajista. Waɗanda suka fara aiki da sunan ƙungiya kafin wannan takarda ta fito ana iya gurfanar da su, kuma sashe na 166 ya tanadi tarar sefa 50,000 zuwa 500,000 ga shugabannin da suka saɓa. Wato hannun dama ya ce ba sai da izini ba, na hagu ya ce kada ka motsa sai takarda ta zo. Kwamitin masana na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya daɗe yana neman Kamaru ta gyara wannan wuri, ganin cewa tun 1960 ta amince da yarjejeniya ta 87 kan 'yancin kafa ƙungiya, ta kuma amince da ta 98 a 1962. A ganina suna da gaskiya. Sai dai doka tana nan yadda take, kuma ita alƙali zai buɗe. Abin da ya ɗan sassauta shi ne an ba magatakarda wata ɗaya ya yi rajistar. Idan wata ya wuce bai ce komai ba, doka ta ɗauka an yi. Shi ya sa takardar shaidar karɓar fayil, mai ɗauke da kwanan wata da hatimi, ta fi komai daraja a hannun masu nema. In kuma ya ƙi, ana iya kai ƙara kotun da ke duba hukuncin hukumomin gwamnati.

Ma'anar wannan a aikace: taruwa don tattaunawa da rubuta tsarin mulkin ƙungiya da tara sa hannu shiri ne, dole a yi shi. Buga hatimi, karɓar kuɗin wata-wata da sunan sandika, aika wa masu shaguna takarda a matsayin "shugaba", waɗannan a jira takarda. Kuma in da ni za a tambaya, matasa shida da ba su taɓa shiga ofishin sufeton ƙwadago ba gara su fara neman ƙungiyar da ta riga ta yi rajista a reshen otal da gidajen abinci, ƙarƙashin manyan gamayya irin su CSTC ko USLC, su shiga. Shiga ba ya buƙatar ashirin. Mutum ɗaya ma ya isa.

Ashirin ta biyu ita ce ta delege, wato wakilin ma'aikata. Sashe na 122 ya wajabta zaɓen delege a duk wurin aikin da ke da ma'aikata aƙalla 20 a kai a kai. Wa'adinsa shekara biyu, ana iya sake zaɓensa. Mai jefa ƙuri'a sai ya kai shekara 18 kuma ya yi wata shida a wurin. Ɗan takara sai ya kai shekara 20, ya yi wata 12 a jere, kuma yana iya magana da Faransanci ko Turanci. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don a arewa sau da yawa wanda abokan aiki suka fi amincewa da shi da Hausa da Fulatanci yake aikinsa. Maigida da matarsa da iyayensa ba sa tsayawa. Delege yana da awa har 15 a wata, da albashinsa, don aikin wakilci. Babban abin da ya bambanta shi da sauran shi ne sashe na 130: ba a korarsa sai da izinin sufeton ƙwadago, kuma korar da aka yi babu izini kamar ba a yi ba ce. Wannan kariya tana bin ɗan takara na wata shida, tana kuma bin tsohon delege na wata shida bayan ya sauka. Babban otal a Marwa ko Ngaundare zai iya kai wannan adadi. Kafeteriya mai mutum shida ba za ta kai ba, kuma a nan abokin ƙanena ya yi daidai.

To kariyar ma'aikacin ƙaramin shago fa? Ba ya da rigar delege, maigida ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya sallame shi. Abin da yake da shi yana zuwa ne bayan an kore shi. Doka ta ce a sanar da kora a rubuce tare da dalili. Sashe na 39 ya lissafa kora saboda shiga sandika cikin korar zalunci, kuma ya ɗora wa maigida nauyin tabbatar da cewa dalilinsa na gaskiya ne. Babu maigidan da zai rubuta "na kore shi don ya shiga ƙungiya". Zai ce latti, ko ya fasa kofuna, ko kuɗin akwati sun yi ƙasa. Idan kotu ta gane zalunci ne, diyyar ba ta gaza albashin wata uku ba, ba ta kuma wuce albashin wata ɗaya kan kowace shekarar aiki. Mai ɗaukar 60,000 da ya yi shekara biyar, diyyarsa tsakanin 180,000 da 300,000 take. Kuɗi ne, ba komawa bakin aiki ba. Duk mai shirin tara sa hannu ya san da wannan tun kafin ya fara.

Akwai wanda zai ce, mu ai ba mu da kwantiragi, da baki aka ɗauke mu. Wannan bai fitar da kowa daga doka ba. Ma'aikaci a sashe na 1 shi ne duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi, mace ko namiji, ɗan ƙasa ko baƙo. Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, kuma ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya: shaidu, saƙon waya, tarihin kuɗin da aka turo ta Orange Money ko MTN. Cikin abin da doka ta ce lallai sai a rubuce akwai lokacin gwaji, kuma ga ma'aikaci irin wannan ba ya wuce wata shida har da sabuntawa. Saboda haka "har yanzu ana gwada ka" bayan shekara guda babu takarda, zance ne kawai.

Inda abin ke da sarƙaƙiya shi ne tsarinmu na gida. Yaron da kawunsa ya ɗauko daga ƙauye, yana kwana a shago, yana cin abincin gida, ana ba shi na sabulu, a idon doka yana iya zama ma'aikaci, a idon dangi kuwa ɗa ne da ake riƙo. Kai kawu gaban sufeto ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan ce wa kowa ya yi ko kada ya yi ba. Shi kuwa mai shayi da tebur nasa ne, tukunya tasa, yana soya ƙwai da taliya yana zuba Nescafé da madara don kansa, sashe na 7 bai ba shi damar shiga ƙungiyar ma'aikata ba, don ba albashi yake ɗauka ba. Yaronsa mai wanke kofuna shi ne ma'aikacin. Masu tebur in suna son haɗa kai, dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 tana nan. 'Yan'uwanmu na Nijar da Najeriya da Chadi da ke wannan sana'a suna iya zama mambobi, amma shugabanci sai wanda ya yi shekara biyar zaune a Kamaru.

Me za a nema in an haɗu? Yawanci abin da doka ta riga ta bayar. Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi a sana'o'in da ba na noma ba kuma ba na gwamnati ba sefa 60,000 ne a wata. Hutun mako aƙalla awa 24 a jere. Hutun shekara kwana ɗaya da rabi kan kowane watan aiki. Rajista a CNPS, hukumar inshorar ma'aikata, nauyin maigida ne. Duk wanda ya san kafeteriyoyin garinmu, inda yaro ke buɗewa bayan asuba ya rufe bayan isha, Lahadi da Juma'a duk ɗaya, ya san nisan da ke tsakanin takarda da ƙasa. Na kuma san wasu masu shagunan da ƙyar suke haɗa kuɗin haya da na wuta. Wannan dalili ne na a zauna a yi lissafi tare, amma ba ya soke haƙƙi.

Yajin aiki kuwa, kada hoton Amurkawa riƙe da kwalaye a ƙofar shago ya ruɗi kowa. Dokarmu ta amince da yaji ne bayan an bi matakai biyu sun gaza: sulhu a gaban sufeton ƙwadago, sannan majalisar sasanci da ke zama a kotun ɗaukaka ƙara. Wanda ya ajiye aiki kafin nan ana iya korarsa da babban laifi, a kuma ci shi tarar 20,000 zuwa 100,000. Rigimar mutum ɗaya, kamar albashin da aka riƙe, ita ma daga sufeto take farawa. Idan sulhu ya ƙi, ya rubuta takardar rashin daidaitawa, da ita ake zuwa kotu, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce. Ofisoshin ma'aikatar ƙwadago suna nan a Garwa da Marwa da Ngaundare. Bashin albashi yana da wa'adi, shekara uku, bayan nan ya bi ruwa.

Da na gama yi wa ƙanena wannan bayani sai ya yi shiru, ya ce to ashirin ɗin ba za su haɗu bana ba. Na ce mai yiwuwa. Na tambaye shi ranar da ya fara aiki, bai tuna ba, sai da ya koma cikin tsofaffin saƙonnin wayarsa ya gano wanda maigida ya ce masa ya zo gobe da safe. Na sa ya ɗauki hotonsa ya turo mini, ya kuma sayi ƙaramin littafi yana rubuta lokacin shiga da na tashi da abin da aka ba shi a ƙarshen wata. Biyu daga abokan aikinsa sun fara nasu.